DAGA BAKIN ALLO: Taro Ya Watse, Ina Littafin Ma'aji?

A wannan wata ina so mu tattauna a kan ƙungiyoyinmu na taimakon kai da kai, da irin tarurrukan neman gudummawa da suke shiryawa, waɗanda muka fi sani da suna lancin.

Duk wanda yake zaune a zango ya san da an sauko daga Salla sai katin gayyata ya fara yawo. Wannan kulob na samari zai yi lancin na sayen kayan shara, waccan ƙungiyar zumunci ta mata za ta yi na taimakon marayu, tsofaffin ɗaliban wata makaranta kuma suna neman kuɗin rufin aji. A kafa rumfuna, a tare hanya, a jera kujeru, a ɗaura lasifika, mata su fito cikin yayi iri ɗaya, a kira babban baƙo da mai ƙaddamarwa. Abin gwanin sha'awa. Amma tambayar da nake so kowa ya yi wa kansa ita ce: cikin tarurrukan da ka halarta a 'yan shekarun nan, guda nawa ne aka sake kiranka bayan wata shida aka ce ga abin da aka tara, ga abin da aka kashe, ga abin da ya saura? Ni a ganina nan ne ciwonmu yake. Mun iya tara jama'a, mun iya bayarwa, amma ba mu ɗauki lissafi a bakin komai ba, kuma rashin lissafin nan shi yake kashe ƙungiyoyinmu ɗaya bayan ɗaya.

Kada wani ya ce ina zargin mutanen zango da rowa. Tarihinmu ma ba zai yarda da haka ba. Lokacin da Malam Amadu Futa ya sami fili daga gidan Odoi Kwao na Osu a 1931 ya kafa Nima, wurin yana bayan gari ne, ba ya cikin iyakar hukumar birnin Ankara, kuma sai a farkon shekarun 1950 aka shigar da shi. Ke nan shekaru kusan ashirin mutane suna gina gidaje ba tare da an shata masu hanya ko magudanar ruwa ba. Wa ya riƙe su? Junansu. Baƙo ya sauka, mai gida ya ba shi masauki. An yi rasuwa, a haɗa kuɗin likkafani da na mota. An yi haihuwa ko aure, mata su kawo gudummawa. Masu sana'a su yi adashi, wanda maƙwabtanmu suke kira susu. Aikin gayya kuwa kakanninmu da shi suka zo daga Kano da Katsina da Sakkwato da sauran ƙasashen arewa. Wani Bature masanin zaman jama'a, Keith Hart, ya zauna a Nima a tsakiyar shekarun 1960 yana nazarin yadda baƙi 'yan arewacin Gana suke samun abinci ba tare da aikin albashi ba, kuma abin da ya gani a lungunanmu shi ya sa masana tattalin arziki na duniya suka fara lissafa sana'o'in da ba su cikin littafin gwamnati. Haka kuma a watan Nuwamba na 1969, da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa, da kuma 1983 da yunwa ta haɗu da dawowar 'yan Gana kusan miliyan ɗaya daga Nijeriya, zumunci ne ya rufa wa gidaje da yawa asiri. Saboda haka hannun bayarwa muna da shi tun asali.

To me ya sa kulob zai tashi da ƙarfinsa, ya yi shekara biyu ko uku, sa'an nan a neme shi a rasa? Bari mu yi lissafi irin na aji, da misali kawai, domin abin ya fito fili. A ce wata ƙungiya ta yi lancin, mai sanarwa ya yi ta shelar alkawari har jimla ta kai sidi 40,000, aka yi ta tafi da guɗa. Da aka koma ɗaki aka ƙirga abin da ya shiga hannu, sai aka ga sidi 15,000 ne, sauran duk alkawari ne na baki. A cikin wannan a fitar da 3,000 na hayar rumfa da kujeru, 2,000 na lasifika da mai sanarwa, 4,000 na abinci da abin sha, 1,000 na kati da zirga-zirga. Abin da ya rage sidi 5,000. Amma jama'ar da suka watse sun tafi da 40,000 a kunnensu. Bayan wata uku ba a ga aikin 40,000 ba, sai a fara raɗa cewa shugaba da ma'aji sun ci. Mai yiwuwa ba su taɓa ko fesuwa ɗaya ba, amma da yake ba wanda ya rubuta, ba wanda ya karanta wa jama'a, ba su da abin da za su kare kansu da shi. Mutumin kirki ya yi fushi ya ajiye muƙami, wanda ba ya jin kunya ya ɗauka, daga nan sai rabuwa, sai a ji an kafa sabon kulob mai kama da sunan na farko.

Yanzu mu juya lissafin. A ce ƙungiyar nan tana da mutum 60, kowa yana zuba sidi 10 duk mako ba fashi. A mako 600 ke nan, a shekara sidi 31,200, ba hayar rumfa, ba roƙon kowa, ba jiran babban baƙo da zai zo bayan la'asar alhali an ce ƙarfe goma na safe. Hausawa suka ce da yayyafi kogi kan cika. Ban ce a daina lancin ba, domin taro yana da amfaninsa: yana sanar da jama'a, yana jawo sababbin mambobi, yana faranta rai. Amma taro ado ne, kuɗin mako shi ne tushe. Wanda ya gina ƙungiya a kan lancin kaɗai kamar wanda ya dogara da ruwan sama ne bai haƙa rijiya ba.

Akwai kuma wata ɓarna da ba ta bukatar ɓarawo, wato ajiyar kuɗi ba aiki. Tsofaffinmu suna tuna 1983 da hauhawar farashi ta haura kashi 120 cikin ɗari. A watan Yuli na 2007 aka canja kuɗi, sidi 10,000 ya koma sidi ɗaya. Kwanan baya ma, a watan Disamba na 2022, hauhawar ta kai kashi 54 cikin ɗari. Ma'anarsa, ƙungiyar da ta kulle sidi 10,000 a akwati tsawon shekarar nan tana jiran a gama gardamar abin da za a yi da shi, ta wayi gari kuɗin ba ya sayen abin da ya wuce na 6,500 a bara. Siminti da kwanon rufi ba sa jiran kwamiti. A wani gefen kuma akwai masu gaggawar kai kuɗin jama'a inda aka yi masu alkawarin riba mai yawa. Mun ga abin da ya sami mutane da Menzgold ya rufe a 2018, mun kuma ga yadda Babban Bankin Gana ya soke lasisin ƙananan kamfanonin ba da rance 347 a watan Mayu na 2019. Kuɗin marayu ba na gwaji ba ne. A tara shi domin aiki sananne, a ajiye shi a banki mai rajista da sunan ƙungiya, a kashe shi a kan lokaci.

Bari mu leƙa waje kaɗan mu ga yadda wasu suka yi nasu ya daɗe. Kulob ɗin Rotary wani lauya ne mai suna Paul Harris ya fara shi da abokansa uku a birnin Chicago na Amurka a 1905. Na Lions ma a can aka kafa shi a 1917. Rotary ya iso Ankara a 1958, ya isa Kano a 1961, kuma mambobinsa a duniya sun haura miliyan ɗaya. Na san wani zai ce ai waɗannan manyan mutane ne masu cin abinci a otal, ina ruwan mai sayar da koko da ƙosai da su? Gaskiya ne aljihunmu ba ɗaya ba. Amma abin da ya riƙe su fiye da shekara ɗari ba kuɗin otal ba ne, tsari ne, kuma tsarin nan ba a sayensa. Suna haɗuwa a rana sananniya, a sa'a sananniya. Kowane mamba yana biyan kuɗin ƙa'ida. Shugaba shekara ɗaya yake yi, ranar 1 ga Yuli ya miƙa wa wani, tun kafin nan kuma an san magajinsa. Kowane kulob yana da 'yancinsa, amma an ɗaure su a gunduma-gunduma, ta yadda idan aiki ya fi ƙarfin ɗaya sai su haɗu. Da wannan haɗin ne suka ɗauki yaƙi da cutar shan inna a 1985. A 1988 ana ƙiyasin cutar tana kama yara 350,000 a shekara a ƙasashe 125. Ranar 25 ga Agusta 2020 aka bayyana cewa an kawar da asalin ƙwayar cutar daga nahiyar Afirka. Ba su kaɗai suka yi ba, da gwamnatoci da Hukumar Lafiya ta Duniya da sarakuna da malamai aka yi, amma sun riƙe abu ɗaya shekara talatin da biyar ba su saki ba. Mu kuwa kulob ɗaya a shekara ɗaya zai ce zai yi shara, zai gina makaranta, zai sayi motar gawa, zai kai tsofaffi Makka. Mai kama da yawa ba ya riƙe ko ɗaya.

Ba sai mun je Amurka ba ma. A nan gida ƙungiyar sa kai ta VOLU tun 1956 take tara matasa lokacin hutu suna gina azuzuwa da ɗakunan shan magani a ƙauyuka da hannunsu. A ƙarshen shekarun 1960 ɗaliban Jami'ar Legon suka haɗa kai da mutanen unguwa a ƙarƙashin shirin Operation Help Nima domin neman ruwa da tsabta da gyaran unguwa. A 1997 wasu matasa masu karatun lauya suka kafa Legal Resources Centre, suka yi aiki da mutanen Nima da Mamobi a kan haƙƙoƙinsu. Sa'an nan ga misalin da ni malamin makaranta ya fi burge ni: wata mata 'yar Kanada, Kathy Knowles, a 1990 ta fara karanta wa yara shida littafi a ƙarƙashin itace a gidanta a nan Ankara. Daga wannan ƙaramin abu aka sami asusun Osu Children's Library Fund, wanda ya buɗe ɗakin karatu na yara a Nima a 1998, ya ƙara da cibiyar koyo ta Nima da Mamobi a 2008. Ba da lancin ta fara ba. Da yara shida ta fara, ta riƙe abu guda, masu ba da taimako kuma suna ganin inda kuɗinsu ya shiga. Yaranmu da yawa a can suka fara riƙe littafin da ba na jarrabawa ba.

Wannan ya kawo mu ga maganar haɗin kai tsakanin ƙungiyoyi. Ku dubi babbar kwatar da ta ratsa tsakanin Nima da Mamobi ta gangara zuwa Odaw. Samarin wani lungu za su fito ranar Asabar su yashe gabansu, su ɗauki hoto, su koma gida a gajiye. Ruwan farko da ya sauka sai ya kwaso sharar mutanen sama ya cika inda suka gyara. Dattin da suka tsamo kuma, da yake ba a shirya motar kwashewa ba, yana nan a bakin kwata har ya koma ciki. Ruwa bai san iyakar kulob ba. Kuma abin nan ba wasa ba ne. A 2014 cutar amai da gudawa ta kama mutum fiye da 28,000 a ƙasar nan, ta kashe fiye da 200, mafi yawa a yankin Ankara, abin da ya sa gwamnati ta ware Asabar ta farkon kowane wata domin tsabta tun daga Nuwamban shekarar. Ranar 3 ga Yuni 2015 ambaliya da gobarar gidan mai a Kwame Nkrumah Circle suka hallaka mutum fiye da 150. Ruwan da ya taru a can, har da wanda ya bi ta ƙofar gidajenmu. Tun 2018 kuma Nima tana ƙarƙashin majalisar Ayawaso ta Gabas, Mamobi tana ƙarƙashin Ayawaso ta Arewa, wato kwata ɗaya, ofis biyu. Idan kulob guda ya je da wasiƙarsa, za a karɓa a sa a fayil. Idan ƙungiyoyi ashirin na gefe biyu suka je da takarda ɗaya, da rana ɗaya ta aiki, da bukata ɗaya ta motar shara, dole a saurare su. Tsintsiya ɗaya ba ta shara, sai an ɗaure ta.

Wani zai ce ai gwamnati ta kafa Asusun Raya Zango da dokar da majalisa ta zartar a 2017. Haka ne, kuma haƙƙinmu ne mu nema. Amma mu tuna ma'aikatar kula da zango da aka kafa a 2017 an rushe ta a 2021. Gwamnati tana zuwa tana wucewa, unguwa tana nan. Kuma ko asusun gwamnati ne, ko ofishin jakadanci, ko 'yan uwanmu da ke Jamus da Italiya da Amurka masu son aiko da taimako, abin da za su fara tambaya shi ne rajista, da asusun banki, da rahoton kuɗin bara. Ƙungiyar da ba ta da waɗannan ta rufe wa kanta ƙofa. Ita ce kuma take zama abin farautar 'yan siyasa: shekarar zaɓe a kawo riguna da ƙwallo da 'yan kuɗi, kulob ya zama na jam'iyya, rabin mambobi su fice, bayan zaɓe a manta da shi. Wanda yake da kuɗin makonsa yana iya karɓar baƙo da mutunci ya kuma sallame shi da mutunci.

Kada kuma mu ɗauka gudummawa kuɗi ce kawai. Sa kai ya fi aljihu faɗi. Saurayin da ya gama sakandare yana zaune a majalisar shayi, in ya ba da sa'a biyu a mako yana koya wa 'yan aji shida lissafi, ya yi abin da attajiri bai yi ba. Birkila da kafinta da mai walda suna iya ba da yini ɗaya a wata. Ma'aikaciyar jinya tana iya auna hawan jinin tsofaffi bayan sallar Juma'a. Matasa masu lafiya suna iya zuwa tare su ba da jini, domin ranar da wata uwa za ta bukace shi a asibitin Mamobi ko Korle Bu ba a yin shela tukuna. Wata ƙungiya tana iya ɗaukar nauyin sabunta katin inshorar lafiya na tsofaffin lungunta, aiki ƙarami mai iyaka wanda kowa zai iya ƙirgawa. Irin wannan aiki shi ma a rubuta shi: wane ya zo, ya yi sa'a kaza. Mutum yana son a san ya yi, kuma yaron da ya yi shekara biyu yana koyarwa kyauta ya cancanci takardar shaida da za ta taimake shi wajen neman aiki.

A nan dole in yaba wa iyayenmu mata. Je ka wurin magajiyar kowace ƙungiyar zumunci ka tambaya wa ya kawo me a bikin wance shekara uku da suka wuce, za a fito maka da littafi, ko a faɗa maka da ka ba kuskure, domin biki bashi ne, kowa ya san za a mayar masa. Matan da da yawansu ba su zauna a aji ba sun riƙe lissafin da mu masu takardun shaida muka kasa. Saboda haka shawarata ga kulob-kulob na maza, in za a zaɓi ma'aji ko mai binciken kuɗi, a daina duban wanda ya fi iya Turanci, a dubi wanda ya fi riƙon amana, mace ce ko namiji.

Na san abin da yake hana mu: kunya. Yaya yaro zai tambayi Alhaji rasit? Ai kamar ya ce bai yarda da shi ba. Wasu kuma su ce aikin Allah ne, ba a bin diddigi. To, sadakar da mutum ya fitar daga aljihunsa yana iya ɓoye ta, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa. Amma kuɗin da aka karɓa daga hannun jama'a amana ce, kuma aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. In an umarce mu da rubuta abin da ke tsakanin mutum biyu, ina ga na mutum ɗari? Rasit ba zargi ba ne, garkuwa ce ga mai gaskiya. Idan doka ce tun ranar kafa ƙungiya, ba wanda zai ji an ci masa fuska.

Ga abin da nake roƙon kowace ƙungiya ta duba a zamanta na gaba. Na farko, a sayi littafi mai bango mai ƙarfi da littafin rasit, a rubuta duk abin da ya shiga da wanda ya fita a ranar. Na biyu, a buɗe asusu da sunan ƙungiya, mutum uku masu sa hannu, ba a fitar da kuɗi sai da biyu. Lambar MoMo ma ta zama ta ƙungiya, ba wayar sakatare ba. Na uku, ranar lancin a shelanta kuɗin hannu daban, alkawari daban, kuma cikin mako biyu a manna cikakken lissafi a ƙofar masallaci ko inda ake zama. Na huɗu, a zaɓi aiki ɗaya a shekara, a gama shi kafin a ɗauki wani. Na biyar, a sa wa shugabanci wa'adi, shugaba ya sauka yana da sauran farin jini. Na shida, ƙungiyoyin Nima da Mamobi su riƙa zama tare ko sau huɗu a shekara, a gaban sarakuna da limamai da 'yan majalisar unguwa, su tsara ranakun taro don kada lancin uku su faɗo Lahadi ɗaya a kan attajirai guda, su kuma ɗauki aiki ɗaya na kowa da kowa kafin damina.

Kai kuma mai karatu, in an kawo maka kati a wannan wata, ka karɓa da fara'a, ka je, ka bayar gwargwadon ƙarfinka. Amma kafin ka tashi ka tambayi shugabanni cikin ladabi: yaushe za mu dawo mu ji lissafi? Duk ƙungiyar da ta karanta nata a bainar jama'a, ta aiko mana ta hannun edita, za mu ambace ta a wannan fili domin wasu su yi koyi.

Allah ya ƙara mana zumunci da riƙon amana, ya jiƙan magabatanmu da suka kafa mana waɗannan unguwanni. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.